Kujera Arba'in

Kujera arba'in aka ba mu a wata.
Ba kuɗi a hannu ba, takarda mai hatimi,
shuɗiya, shara-shara kamar ɓawon albasa.
Ni ke riƙe da littafin, ni ke yagewa.
Ofishinmu rumfa ce a bayan tashar Yawuri,
tsakanin mai faci da mai suyar ƙwai,
benci ɗaya, da allon da damina ta lashe rabin sunanmu.

Rediyo ya ce a Birnin Kebbi aikin ido kyauta ne.
Gaskiya ya faɗa.
Sai dai kyautar tana can ƙarshen kwalta,
bayan Koko, bayan Jega, bayan Kalgo,
kuma kowane gari da ka ji na ambata
tiyar gero ce da za a ɗebe daga rumbun wani.

Masu tallafi sun rubuto ƙa'ida:
mutum ɗaya, kujera ɗaya, zuwa da dawowa.
Wanda ya tsara wannan, idonsa biyu garau.
Bai ga Malam Barmo ba,
da yana ta rufe wa ido tun ambaliyar bara waccan,
ya tsallako daga gungu cikin kwalekwale,
hannunsa a kafaɗar jikarsa Tambai.
Ina makaho ya taɓa tafiya a kujera ɗaya?
Na yage biyu, na rubuta suna ɗaya,
ragowar bayani na bar wa ranar da aka tambaye ni.

Da fetur ya tashi, arba'in ta koma ashirin da takwas.
Ba wanda ya saci ko sisi.
Lissafi ne ya rame a tsaye
kamar saniyar rani.

Ran sha tara ga wata littafin ya zama bango biyu.
Ran ashirin Gwamma ta iso, goye da Shekarau,
ɗan shekara bakwai, sikila ta tashi,
yana cizon mayafinta don kada ya yi ihu cikin mutane.
Na buɗe littafin, ko da yake na sani.
Na sake buɗewa.
Maiwada kamasho ya ɗaga kafaɗa daga nesa:
mota ba ta shan haƙuri, mai take sha.

Muna nan zaune, rana ta kai tsakar rumfa,
sai ga Kulu, cikin takaba, kanta a ƙasa.
Ta kwance bakin zane, ƙulli uku,
ta fito da shuɗiyar takarda duk ta yi laushi.
Ta mijinta ce, Manu mai saƙar taru,
da na yage masa mako biyu da suka wuce.
Daren da zai tafi, ya tafi,
a motar da ba a tambayar kowa kuɗi.
Ta ce, ba a binne mutum da tikiti,
ku ba mai sauran numfashi.

Ƙa'ida ta ce ba a sauya suna.
Ban sauya ba.
Na miƙa wa Gwamma yadda take.

Maiwada ya duba takarda, ya dubi yaro,
ya sake duban takarda, ya daɗe.
Ya san Manu, ya ɗauki gawarsa ma.
Sai ya buɗe ƙofar gaba da kansa, ya ce:
Malam Manu, bismilla, zauna jikin taga,
a cinyar wannan baiwar Allah,
iska ta fi shigowa ta nan.

Ƙarshen wata na zauna cike takardar rahoto.
Akwai gurbin kuɗi, akwai gurbin kwanan wata,
akwai ɗan akwati na adadin waɗanda suka amfana,
bai fi faɗin farce ba.
Na daɗe ina juya biro a kansa.
Mai suyar ƙwai ya leƙo, ya ce shayina ya huce.